Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Abin da Baffa Ya Faɗa a Zaure

Na ce wannan makon zan ba da labarin aurena, amma ba zan iya tsallake maganar Baffa ba. Ranar da su Kawu suka je nema mini 'yarsa, sai da ya bari suka gama bayani, sannan ya ce, "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Duk wanda ke zauren ya san barewar da yake nufi. Ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, mahaifina.

Kakanmu daga ƙasar Kano ya zo haƙar kuza, ya zauna a barikin leburori wajen Bukuru. Babu gandu, babu dattijon da za a ji nauyinsa, ga 'yan kuɗi a hannu, ga tukwanen burkutu. A wurin 'yan ƙasa burkutu abin gayya ne da biki, a fili ake sha, tsofaffi na gani. Mu a wurinmu haramun ce, saboda haka a ɓoye ake sha, ba kuma mai tsawata wa abin da bai gani ba. Haka Baba ya tashi. Ya yi isha'i a masallacinmu na unguwar Gangare a Jos, ya zagaya ta baya, ya dawo tsakar dare yana taunar kanumfari. Inna ta ce mana ciwon kai ke damunsa. Har ta koma ga Allah ban taɓa jin kalmar giya a bakinta ba. Allah Ya jiƙanta, kunya ce ta ɗaure ta.

Ni ko ɗigo ban taɓa ɗanɗanawa ba, kuma ina alfahari da haka. Baffa ya sani sarai.

Yaya ne abin ya kama. Da kasuwar Terminus ta Jos ta ƙone a 2002 rumfarsa na ciki, bai sake miƙewa ba. Bai ma tsaya kan burkutu ba, goskolo ya faɗa wa, wata giya mai ƙarfi wadda take cinye hantar samarin Jos da kuɗi kaɗan. Da cikinsa ya kumbura muka kwantar da shi a asibiti, na tambayi likita kai tsaye ko gado ne. Ya ce, "Malam, binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna kusan rabin haɗarin daga jini yake. Sauran kuwa gida ne, da abokai, da sauƙin samu." Ya ce a Denmark an bi 'ya'yan mashaya da aka ba wasu riƙo tun suna jarirai, aka tarar abin ya fi kama su fiye da sauran yaran riƙo, amma mafi yawansu ba su zama mashaya ba.

Rabin haɗarin kawai likita ya ce, Baffa. To kai ɗan wane ne? Ba jinin mutumin Bukuru ne a jikinka ba, da jikin 'yar da ka hana ni? Abin da ya raba ka da Baba shi ne an kai ka karatun allo Zariya kana ƙarami, shi aka bar shi a bariki yana karɓo wa uba saƙo a ƙwarya. Kana da bakin karin magana a zaure, amma ba ka taɓa zaunar da ƙaninka ka ce masa ya bari ba. Yaya ya kwanta jinya har ya cika, ƙafarka ba ta taka asibitin ba. Sai a wurin zaman makoki na ji ka kana maimaita wa mutane zancen barewa.

Ɗan Yaya a hannuna yake yanzu. Da ya fara tasawa na kira shi ɗaki, na faɗa masa abin da ya kashe ubansa da sunansa, na ce jikinmu ba ya wasa da wannan abu. Goggo ta yi fushi, wai na tona asirin gida. Ban ba ta haƙuri ba.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan faɗi yadda aka sayar da gidan Gangare da wanda ya sa hannu.