Talata a Yamai: sabar magazar Alhaji ta tashi

Tun da safe na koma magazar Alhaji da ke kusa da Babbar Kasuwa, inda ordinata bakwai ke rubuta shiga da fitar kaya, kowace da nata lissafi. Abin da ake so shi ne sabar guda, wato babbar ordinata da sauran za su haɗu da ita, da za ta riƙe komi. Alhaji ya ce a sa firosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, mafi ƙarfi. Na ce, "Ranka ya daɗe, a garin nan ba rashin ƙarfi ke kashe sabar ba, wuta ce da zafi da ƙura." Daga su ukun nan na fara tsari.

Na zaɓi firosesa Ryzen 5 5600 mai zuciya 6, saboda wat 65 ne ma'aunin zafinsa, ba ya neman babban sanyi. Ba shi da sashen hoto a cikinsa, shi ya sa na ɗauko babban allon da ake ɗora firosesa a kai, ƙirar ASRock Rack mai IPMI, wanda ke ba da hoto da kansa, kuma ana iya kunna injin ko kashe shi daga nesa. Akwatin wuta na wat 550 ne, mai shaidar tsimin wuta ta 80 Plus Gold.

Memori ne ya ci mini hantsi. Na haɗa komi, na danna, fankoki na juyawa amma fuska baƙi ƙirin. Da na ciro sandunan na karanta takardar jikinsu, sai na ga irin memorin da ake kira RDIMM mai kayan ya aiko. ECC ne, gaskiya, wato memori mai gano kuskure ya gyara da kansa, amma Ryzen irin namu mai mazaunin AM4 ba ya tashi da RDIMM, irin da ake kira UDIMM yake karɓa. Na musanya da sanda biyu masu giga 16, a rami na biyu da na huɗu daga firosesa kamar yadda littafin allon ya ce. Ya tashi. Na bar manhajar gwajin memori, Memtest86+, na bi ta kansu har azahar, ba kuskure ko ɗaya. Ba na sassauci kan ECC a wurin da ake lissafin kuɗi: lamba guda ta juye a memori, sai ta shiga ajiya a gurɓace ba wanda ya sani.

Faifai huɗu ne. SSD biyu, wato faifai masu sauri, na giga 500 na ɗauke da Proxmox, manhajar da ke tafiyar da sabar, da rumbun lissafi, sai WD Red Plus biyu masu tera 4 don takardu da hotunan rasit. Kowane biyu madubin juna ne a tsarin ajiyar fayil na ZFS, abin da aka rubuta a ɗaya yana cikin ɗayan, in ɗaya ya mutu aiki bai tsaya ba. A duba salon rubutun faifan ya zama CMR, don mai salon SMR na jan ƙafa sosai ranar da ake sake gina madubi. Kuma madubi ba ajiya ba ne, abin da ma'aikaci ya goge a ɗaya ya gogu a ɗayan nan take. Don haka akwai faifan waje biyu, ana kwafe kowane dare, ɗaya na kwana gidan Alhaji, a musanya duk Juma'a.

Fanka biyu ke shigo da iska ta gaba, bayan raga, ɗaya ke fitarwa. Iskar ciki ta fi ta waje matsi ke nan, ƙurar hunturu ba za ta kutso ta kafofi ba. Na ɗora akwatin bisa tebur, nesa da ƙasa.

Ondila, wato na'urar batir mai riƙe inji in an ɗauke wuta, ta VA 1500 na sa, da kebul na USB zuwa sabar, manhajar NUT na kashe injin a tsanake in batir ya yi ƙasa. A BIOS, wato saitin farko na allon, na saita injin ya kunna kansa in wuta ta dawo. Batirin ondila na dalma ne, yana son digiri 25, kuma ƙarin kusan digiri 10 na rabe rayuwarsa biyu. A watan Afrilu nan zafi na wuce 40, don haka ondilar ta shiga ɗaki mai kilim tare da sabar.

Bayan la'asar muka yanke wuta da gangan, muka tada gurup. Ondila ta yi ta ƙyas-ƙyas, tana komawa batir, don juyin gurup ɗin ba ya tsayawa kan 50 Hz. Na rage mata saurin ji a saitinta, ta karɓa. Sai kuma na tarar soket ɗin ɗakin ba shi da wayar ƙasa. Wannan ba zan bari ba. Gobe mai gyaran wuta zai kafa sandar jan ƙarfe, sannan in ja kebul Cat6 zuwa ordinatoci bakwai ɗin, in gwada maido da ajiyar daren yau.