Sabar ko-ta-kwana da saitinta ya saɓa, ba ko-ta-kwana ba ce

Ƙannena masu fara kula da sabobi, wato kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima a kan sadarwa, akwai kuskuren da na daɗe ina tafkawa, kuma ba na so ku gaje shi: ɗauka cewa tunda an gina sabobi biyu ko uku rana ɗaya da saiti ɗaya, to har gobe iri ɗaya suke. Gungun sabobin da aka kafa don kada aiki ya tsaya, ko na manhajojin Pacemaker da Corosync ne ko na Keepalived da HAProxy, alkawari ɗaya ya ɗauka: in mai aiki ta faɗi, wadda ke jira za ta karɓa ta ci gaba daidai yadda ake yi. Duk gyaran da aka yi da hannu a kan guda ɗaya yana cin wannan alkawari a hankali, kuma ba za ku ji ƙarar komai ba, domin wadda ke jira ba ta aiki balle ta yi kuskure. Sai ranar da aka miƙa mata aiki, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Kada ku raina saɓanin saba ɗaya. Ranar 1 ga Agusta 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar sama da dala miliyan 400 cikin kusan minti 45, saboda an ɗora sabuwar manhaja a sabobi bakwai cikin takwas, an bar ɗaya da tsohuwa.

Kuskurena na farko shi ne zaton gungu yana daidaita kansa. Wani ɓangare kawai yake daidaitawa. Pacemaker yana rarraba kundin albarkatunsa, wato CIB, zuwa kowace saba da kansa. Amma corosync.conf, da authkey, da haproxy.cfg, da satifiket ɗin TLS (takardar shaidar da ake ɓoye sadarwa da ita, mai wa'adi), da dokokin katangar tsaro, duk fayiloli ne da ke zaune a kowace saba daban; in ba ku kai su ba, ba wanda zai kai. Satifiket ya fi cin mutane: an sabunta a kan mai aiki, na wadda ke jira ya ƙare tun watanni, ba wanda ya lura.

Na biyu ya fi ciwo, shi ya sa zan daɗe a kansa. Na yi ta kwatanta fayiloli da sha256sum, umarnin da ke fitar da tambarin fayil, wato lambar da ke canzawa in abin da ke ciki ya canza, ina kwana da natsuwa, alhali abin da ke cikin fayil daban, abin da manhaja ke gudana da shi daban. Ga misali da ya zama ruwan dare. HAProxy na buƙatar net.ipv4.ip_nonlocal_bind ya zama 1 kafin ya iya saurare a kan adireshin IP na tarayya, wato wanda ke komawa hannun duk sabar da ke aiki, alhali adireshin yana hannun wata saba. Wani ya kunna shi da sysctl -w, bai rubuta a /etc/sysctl.d ba. Fayiloli sun dace a ko'ina, amma da zarar an sake tayar da sabar, darajar ta koma 0, HAProxy ya ƙi tashi. Don haka ku tambayi manhajar kanta: sysctl -a don kanel (zuciyar Linux), corosync-cmapctl don Corosync, pg_settings don PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai. A wannan na ƙarshe ku duba pending_restart, shi ke nuna an canza saiti amma bai fara aiki ba sai an sake tayarwa. Ku kuma riƙe cewa a PostgreSQL, max_connections da max_worker_processes da max_wal_senders da max_prepared_transactions da max_locks_per_transaction na wadda ke jira dole su kai na mai aiki ko su fi. In sun gaza, za ta ƙi tashi ko ta dakatar da ɗaukar canje-canje.

Ba kowane bambanci ne laifi ba, kuma nan ma na yi tuntuɓe. A Keepalived, priority galibi ya bambanta, sunan saba da adireshinta ma haka. Amma virtual_router_id dole ya zama ɗaya. In ya saɓa, ko katangar tsaro ta toshe VRRP, wato yarjejeniya mai lamba 112 da sabobin ke sanar da juna wace ce shugaba da ita, a saba guda, kowace za ta ɗauka ita ce shugaba, su riƙe adireshi ɗaya lokaci guda. Ku rubuta jerin layukan da aka yarda su bambanta, ku cire su kafin ku lissafa tambarin fayil. In ba haka ba ƙararrawa za ta yi ta kuka kullum har kunne ya saba da ita.

Na uku, kwatanta saba da 'yar'uwarta kaɗai. In dukansu sun zame tare fa? Ma'auni shi ne abin da ke cikin Git, ma'ajiyar ainihin saiti da tarihin canje-canjensa, wanda wani ya duba kafin a karɓa. Ku gudanar da ansible-playbook --check --diff a kan jadawali, ko puppet agent --noop, su faɗa muku abin da ya saɓa ba tare da sun taɓa komai ba. Ni dai ban yarda na'ura ta gyara dukan sabobi lokaci guda ba. Ku sa serial: 1 a Ansible, wato saba ɗaya bayan ɗaya, ku fara da wadda ke jira, ku tantance da haproxy -c -f da crm_verify -L, sannan ku wuce gaba. Saiti mara kyau da ya isa ko'ina a daƙiƙa ɗaya ya fi saɓani muni, domin bai bar muku lafiyayya ko ɗaya ba.

Sa ido kuwa ba ya buƙatar kayan tsada. Ƙaramin shiri ne da zai tashi duk minti 5, ya tattara tambarin fayiloli, da darajojin da ke gudana, da jerin manhajoji daga rpm -qa ko dpkg -l, ya ajiye inda node_exporter zai kwasa zuwa Prometheus, manhajar sa ido. In tambari ya wuce iri ɗaya a gungun na tsawon minti 15, a buga ƙararrawa; wannan jinkirin don kada ta tashi yayin da kuke tsakiyar rarraba gyara ne. Ku ƙara wata ƙararrawar don shirin kansa in ya daina aiko rahoto, domin shirunsa ba shaidar lafiya ba ne.

Ku haɗa da lambobin UID da GID, wato lambar asusu da ta rukuninsa. Asusu mai suna ɗaya amma lamba daban ba zai iya buɗe fayilolinsa a kan ma'ajiyar tarayya irin su NFS ko DRBD ba bayan an miƙa aiki. Agogo ma ku duba shi da chronyc tracking a kowace saba.

Duk wannan bai maye gurbin gwaji ba. Sau ɗaya a wata, a lokacin da aka sanar, ku miƙa aiki ga wadda ke jira da gangan, ku bar ta ta ɗauki masu amfani na gaske na wasu awoyi, ku kuma sake tayar da wadda ta huta don ganin ko za ta dawo da saitinta cikakke. Bayan gwajin ku duba pcs constraint. A tsofaffin sigogin pcs, manhajar sarrafa Pacemaker, umarnin pcs resource move yana barin ƙa'idar da ke ɗaure aiki a saba guda ko ta hana shi komawa wata, kuma tana nan daram har sai kun share ta da pcs resource clear.