Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Hawan Radicofani

A makon jiya mun tsaya ne a San Quirico d'Orcia, wani gari a yankin Toskana na Italiya, inda na kwana ƙafa duk bororo, zuciya na raya mini in hau bas in koma Santa Croce sull'Arno, garin da nake aiki, in ƙarasa hutuna a kwance. Ga waɗanda ba su karanta na baya ba, masana'antar jimar da nake aiki takan rufe a watan Agusta, shi ne wani dattijo Ba'italiye abokin aikina ya ja ni bin Via Francigena, tsohuwar hanyar masu ziyara da ta taso daga Canterbury ta Ingila ta dire a Roma. Wani babban limamin coci mai suna Sigeric ya bi ta a shekarar 990, ya rubuta zango 79 na hanyarsa ta komawa gida, kuma rubutun nan nasa aka bi wajen shata hanyar yanzu.

Ina idar da sallar asuba muka ɗau jakunkuna. Tafiyar ranar, zuwa garin Radicofani, ta ɗara kilomita 30, kuma duk wanda muka haɗu da shi sai ya ce ita ce mai wuya. Kafin rana ta ɗaga mun iso Bagno Vignoni, ƙauyen da tafkin ruwan zafi ya zama masa dandali, gidaje sun kewaye shi, tururi na tashi. An hana shiga. Amma can gefen gari ruwan na bin wasu 'yan magudanai, nan na tsoma ƙafa har sai da dattijon ya ce, "Yaro, tashi, Radicofani ba za ta zo ta same mu ba."

Tun da hantsi muke hango ganuwar garin a kan dutse. Ka sha kwana ka gan ta, ka gangara kwari ta ɓace, ka hauro ka tarar tana nan inda ka bar ta. An riga an girbe alkama, ƙasar yumɓu ce fara-fara duk ta tsage, inuwa sai ta itacen cipresso, shi kuwa dogo ne siriri, inuwarsa ko akuya ba za ta isa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne gidajen gona. Manya ne, na dutse, kowanne a kan tudunsa. Wasu an gyara su sun zama masaukin baƙi masu kuɗi, wasu rufin ya rufta, ciyawa ta fito ta taga. A gindin wani kango a Le Briccole muka zauna cin burodi, irin na Toskana da ba a sa masa gishiri, sai dattijon ya ce a gida irin wannan aka haifi mahaifinsa. Gonar ba tasu ba ce. Su yi noma, mai ƙasa ya kwashi rabin amfani, haka kaka da kakanni. Da masana'antu suka buɗe bayan Yaƙin Duniya na Biyu, matasa suka watse zuwa birane, a 1964 kuma doka ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniya irin wannan. Ƙasa ta zama ba mai nomanta, sai makiyaya daga tsibirin Sardiniya suka ƙetaro teku da tumakinsu suka saye ta da araha. Cukun pecorino na Pienza da ake alfahari da shi yau, da yawansa hannun 'ya'yansu da jikokinsu ne.

Na ce, "Baba, ashe ku ma 'yan ci-rani ne." Ya yi dariya har da tari. Shekarun da muka yi muna jan fata tare bai taɓa ba ni wannan labari ba, ni ma ban taɓa gaya masa gonar mahaifina tana hannun ƙanena ba. Ranar na gaya masa.

Gaba kaɗan muka ci karo da garken tumaki, da fararen karnukan nan manya masu gadinsa. Dokar ita ce kada ka ruga, kada ka ratsa tsakiyar tumaki. Muka yi zagaye mai nisa, ɗaya na bin mu da haushi har ya ga mun fita daga hurumin ubangidansa.

Hawan ƙarshe ba abin ba da labari ba ne, ruwa ya ƙare, magana ta ƙare. La'asar sakaliya muka shiga garin, wanda a ƙarni na 13 ɗan fashin nan Ghino di Tacco ya mayar sansaninsa yana tare matafiya. A masaukin masu ziyara aka buga mana hatimi a takardar tafiya, sannan wata dattijuwa mai aikin sa-kai ta kawo tasa da tulu ta ce al'adarsu ce a wanke wa baƙo ƙafa kafin cin abinci. Kunya ta kama ni, sa'ar mahaifiyata ce. Na ce mata ni Musulmi ne, ta ce ƙafa ta tambaya. Da ta ji ba na cin alade kuwa, ta koma kicin ta dafo mini pici, taliyarsu mai kauri, da tumatir da tafarnuwa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu gangara Acquapendente mu shiga yankin Lazio, inda takalmina ya rabu biyu a ranar Lahadi, duk shaguna a rufe.