Abin da Ya Raba Ni da Ƙungiyar Ceto

Na ajiye aikin sa kai na ceto a Maiurno, garinmu da ke bakin kogin Shuɗin Nilu a Sudan, kuma tunda 'yan'uwa sun dame ni da tambaya, gara in faɗi dalili kowa ya ji.

Ambaliyar 2020 ce mafari. A ƙarshen Yuli madatsar ruwa ta Bout, a jihar Shuɗin Nilu, ta ɓalle, a Satumba gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku. Shuɗin Nilu ya yi cikar da dattawa suka ce ba su taɓa gani ba. Mu 'ya'yan masunta, da kwale-kwale ɗaya, da igiya, da tiyub ɗin mota muke kwaso tsofaffi daga ɗakunan laka da ruwa ya ci gindinsu. Sai tallafin hukuma ya fito, ya biyo ta hannun shugabanmu, mutumin da ban taɓa ganin ƙafar wandonsa a jiƙe ba. Ya danne kuɗin har ruwa ya janye, alhali a shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 200 cikin 100, abin da fam ɗin Sudan zai saya yau ba zai saya jibi ba. Da ya tashi kashewa, riguna masu ƙyalli ya ɗinko, aka jera mu aka ɗauki hoto. Injinmu na kwance, fetur daga aljihunmu muke saye a bayan fage. Wani ƙanenmu da kwanon rufi ya tsage wa ƙafa a cikin ruwa, mahaifiyarsa ce ta sayar da akuya aka yi masa ɗinki.

Na ce, "Alhaji, a karanta mana lissafi mana." Ya ce, "Ɗana, mai aiki don Allah ba ya tambayar kuɗi." Daga ranar aka daina kira na taro. Har yau maganar na ci mini rai, domin da sunan Allah ya toshe mini baki.

Lallai gwamnati ta tallafa wa masu ceto, haƙƙinsu ne. Amma kuɗin ya iso kafin damina, ya shiga asusun da mutum uku ke sa wa hannu, a fara da fetur, gyaran inji da jinyar wanda ya ji rauni. Kada kuma a rataya ga mai bayarwa ɗaya: da Amurka ta dakatar da agaji a farkon 2025, ɗakunan girkin 'yan sa kai da dama a Khartoum sun rufe.

Ga ƙannena da ke cikin ƙungiyar: mai nutsewa ta baya ake kama shi. Idan dare ya yi aka rasa mai nutso, kun san gidanmu.