Alhamis, 6 ga Fabrairu 2025: kiran dare daga Bronx

Jiya wajen ƙarfe goma da rabi na dare, na riga na kwanta, sai ga kiran Yaya daga Bronx. Gabana ya faɗi, don ba ya kira a irin wannan lokaci sai da dalili. Ashe ba rasuwa aka yi ba, hannun jari ne. Tun bara yake ɗan tsakurar kuɗin tasi yana sayen hannun jarin Qualcomm, wani kamfanin fasahar waya na Amurka, to jiya kamfanin ya fitar da rahotonsa na wata uku bayan an tashi kasuwa a New York, ƙarfe tara ke nan na dare a nan Accra.

"Ƙanena, kai ne ɗan waya, warware min wannan. Sun yi cinikin sama da dala biliyan 11, ya wuce abin da kowa ya zata, kuma farashi na zubewa a kan idona. Wace irin kasuwa ce wannan?"

Na ce, "Yaya, ka bari gari ya waye." Ni kaina ban gane ba.

Da safe hazo ya rufe unguwarmu Nima. Na sha koko da ƙosai a tsaye, na hau motar haya ta trotro zuwa Circle, na buɗe shagona na gyaran waya. Kafin masu saye su fara zuwa na zauna na karanta abin a natse. Kamfanin yana da ƙafa biyu. Ɗaya ita ce sayar da ƙwaƙwalwar waya, irin su Snapdragon. Ɗayar kuma lasisi: tun da aka kafa shi a San Diego a 1985 yake tara haƙƙin mallakar fasahar sadarwa, daga tsohon tsarin CDMA har zuwa 5G, duk mai ƙera waya sai ya biya shi wani kaso na farashin wayar. A shekarar kuɗinsu ta 2024, cikin kusan dala biliyan 39 da suka shigo, lasisi bai kai biliyan 6 ba. Amma kusan kashi 70 cikin ɗari na wannan kuɗin riba ce zalla, ba masana'anta, ba dako, ba kayan da za su kwana. Jiya kuwa shugabannin kamfanin suka ce kada a sa ran kuɗin lasisi zai ƙaru bana, domin yarjejeniyarsu da Huawei ta ƙare kuma ba a sabunta ba tukuna. Nan masu zuba jari suka ja da baya.

Ina gama karantawa sai na tuna da Alhajin da nake haya a gidansa. Yana da shagon kayan masarufi a ƙofar gida, amma ko an yi wata ba ciniki ba ya ko gezau. Ranar da aka ce mai haya ɗaya zai tashi, ranar za ka ga ya kasa zaune ya kasa tsaye. Kuɗin haya na shekara biyu gaba, a dunƙule, shi ne hawan jininsa da saukarsa.

Wajen azahar wata Hajiya daga Maamobi ta kawo Tecno, ba ta caji. Na buɗe bayanta, na goge ƙura da ɗan buroshi, na sa a ƙarƙashin madubi. Ga ƙwaƙwalwar nan baƙa, ba ta kai farcen babban yatsana ba, an rubuta MediaTek a kanta, wani kamfani kishiyar Qualcomm. Babu ko ƙwayar kayan Qualcomm a ciki. Amma duk da haka a 2024 Qualcomm ya kai Transsion, masu Tecno da Infinix da itel, ƙara a kotun Indiya kan haƙƙin fasaharsa, daga baya suka sasanta. Wato ko ba ka sayi kayansa ba, muddin wayarka na hawa 4G, ta ƙofar gidansa ta bi. Na faɗa wa yaron shagona, ya yi dariya ya ce, "Ashe, Oga, mu ma 'yan haya ne." Matsalar Hajiya dai ramin caji ne ya cika da datti. Ban karɓi ko sidi ɗaya ba, ta yi ta sa min albarka.

Ni a ganina akwai haƙƙi a ciki, wanda ya sha wahalar ƙirƙira ya ci moriyarta, kuma abin shekara 20 ne ya ƙare. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne lissafin a kan farashin wayar gaba ɗaya ake yi, har da gilashi da kyamara da ba su suka yi ba. Kan haka Apple ya yi ta shari'a da su tun 2017. Sin ma ta ci su tarar dala miliyan 975 a 2015. Da aka sasanta da Apple a Afrilun 2019, hannun jarin ya tashi da sama da kashi 20 a yini ɗaya, alhali ba wata sabuwar ƙwaƙwalwa da aka fitar ranar. Takarda kawai aka sa wa hannu.

Bayan magariba na aika wa Yaya saƙon murya, na ba shi misalin Alhaji da mai haya. Ya amsa yana cikin mota, ina jin ƙarar hon a bayansa: "To in sayar ne ko in riƙe?" Na ce wannan kuma ba da bakina ba, ni gyaran waya na iya. Ya ce madalla da ƙanin da ba ya ɗaukar laifi.

Ina shiga gida na tarar da Alhaji a kan benci, carbi a hannu. Muka gaisa, ya tambayi kasuwa, na ce alhamdulillahi. Har na wuce sai ya ce, "Af, yarona, watan Mayu ne naka zai cika, ko?"