Sadakin da na sa sodiyam ya biya

Har yau in na tuna takardun jarrabawar kemistiri ta 'yan SS1 ɗina na zango na biyu, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba laifin yaran ba ne. Ni na ɗora su a kan hanyar, su kuma suka bi ta da zuciya ɗaya.

Tsarin ƙwayar zarra bai ba mu wahala ba. Thomson da ilektaron ɗinsa a 1897, Rutherford da ya nuna a 1911 cewa kusan duk nauyin a tsakiya yake dunƙule, sai zagayen Bohr na 1913 da muke ta zanawa a allo. Cikin mako biyu sun haddace yawan ilektaron a kowane zagaye, 2,8,1 na sodiyam da 2,8,7 na kulorin kamar karatun allo.

Ranar da muka shiga yadda ƙwayoyin ke haɗuwa ne na tafka ta. Bayan tara ce, ana zafi, rabin ajin na gyangyaɗi. Don in farkar da su sai na ce: sodiyam saurayi ne, ilektaron guda ke gare shi a aljihu, kulorin kuma budurwa ce da guda ya rage mata ta cika takwas. Ya miƙa sadaki, ta karɓa, an shafa fatiha, ga gishiri. Aji ya ɗauki shewa. Na ji daɗi har na kai labarin ofishin malamai ina cika baki, wai na gano lagon darasin.

A jarrabawa na yi musu tambaya irin wadda na san za su tarar a WAEC da NECO: me ya sa gishiri ba ya narkewa a wuta sai zafi ya kai digiri 801 a ma'aunin Celsius, kuma me ya sa busasshensa ba ya ɗaukar lantarki amma ruwansa yana ɗauka? Waɗanda suka amsa daidai ba su kai goma ba, a aji mai sama da mutum sittin. Wani ya rubuta da Turancinsa cewa saboda sodiyam na son kulorin ƙwarai. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce amsar yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajin: wai a cikin ruwa auren ke mutuwa, kulorin ta mayar masa da sadakinsa, kowa ya kama gabansa. Khul'i ke nan! Kuma in ka bi labarin da na ba su, ba ta yi kuskure ba ko kaɗan.

Nan na gane ɓarnar. Na sa su ɗauka cewa miƙa ilektaron shi ne haɗin, alhali haɗin shi ne jan da ke tsakanin mai caji na ƙari (sodiyam da ya bayar) da mai caji na ragi (kulorin da ta karɓa). Na kuma sa su ɗauka gishiri bibbiyu yake, mata da miji. Babu wannan a ƙwayar gishiri. Kowane ayon (wato ƙwayar zarra mai caji) na sodiyam na kulorin shida ne ke kewaye da shi, kowane na kulorin ma na sodiyam shida, haka abin ke tafiya ta kowace fuska, kuma babu wanda ya san daga wa ilektaron ɗinsa ya zo. Wannan jan ta ko'ina ne ke sa sai wuta ta kai 801. A ruwa kuma ba wanda ke mayar da komai. Ayon ɗin na nan da cajinsu, sun dai sami damar yawo ne, shi ya sa lantarki ke wucewa.

Mako uku na ɓata ina warware abin da na ƙulla cikin minti biyar. Na sa suka kawo yumɓu da tsinken tsintsiya, muka mulmula ƙwallaye 27, muka shafa wa 14 farar ƙasa, muka jera su uku-uku-uku, fari kusa da ja. Da aka gama na nuna jan ƙwallon da ke can tsakiya na ce wa yarinyar nan, "To 'yata, nuna mini matarsa." Ta juya abin a hannunta, ta ƙirga tsinkayen da suka fita daga jikinsa, ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, ai shida ne, kuma duk nisansu ɗaya." Wani daga baya ya ce ai ya wuce huɗu, auren bai halatta ba. Na bar su suka yi dariyarsu, don a wannan karon dariyar rushe labarina take yi.

Sai muka ɗora cokali biyu a kan gawayi, ɗaya sukari ɗaya gishiri. Sukari ya narke ya yi ja ya fara ƙauri, gishiri ko gezau. Muka haɗa batir da ɗan ƙwan tocila da baƙaƙen sandunan cikin tsohon batir guda biyu. Busasshen gishiri, shiru. Ruwan gishiri, ƙwai ya kama. A nan ma na so in sake jin kunya, don ruwan sukarin da na ce ba zai kawo wuta ba ya ɗan kawo dishi-dishi. Da ruwan rijiyar makaranta na dama shi, wanda dama akwai gishirin ƙasa a ciki. In za ka yi wannan gwajin, nemi tataccen ruwa, kuma ka gwada a gida kafin ka tsaya gaban yara.

Makonnin nan uku daga rabon haɗin ƙarafa na cire su, darasin da na yi a gurguje, kuma ya nuna a sakamakonsu. Yanzu ba na ambaton aure, ba na cewa ƙwayar zarra "tana son" ta cika takwas, kuma gishiri da cokali ke fara shiga ajina kafin alli. Amma labarin ya ƙi mutuwa. Waccan shekarar suna SS3 yanzu, kuma makon jiya wani ƙaninsu ɗan SS1, wanda ban taɓa faɗa wa ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, yaushe za mu zo wajen sadakin?"