Kwana tara a ƙasar Maraɗi da kwalin littattafai

Yau kwana uku da dawowata, amma ƙurar Maraɗi ba ta gama fita daga mayafina ba, madafina kuma warin albasar Galmi ya cika shi. Matan zumuntarmu ta ikilisiya sun hana ni sakat da tambaya tun ranar Lahadi, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta tun abin yana da ɗumi a raina.

Mu huɗu muka tashi daga Malumfashi: ni, da matar fastonmu, da dattijuwar da duk muke kira Iya, sai ɗan yayata da ya bi mu don ɗaukar kaya. Matan wata ƙaramar ikilisiya a Maraɗi ne suka gayyace mu, tun bara suke aiko da saƙo. Kayan namu kwali ɗaya ne babba, Littafi Mai Tsarki na Hausa guda 20 da littafin waƙoƙi guda 30. Baikon mata ne na wata shida, kuɗin ƙuliƙuli da daddawa da kitso. Ni dai a zuciyata na ɗauka bisharar da za mu kai duk tana cikin kwalin nan, don haka a kan cinyata ya yi rabin tafiyar.

Har Katsina ba wani labari. Daga Katsina zuwa Jibiya ne motar ta yi tsit, don kowa ya san abin da hanyar nan ta gani a 'yan shekarun nan. Direba na salati, Iya na jan waƙa ƙasa-ƙasa, haka muka ratsa lafiya.

A wani shinge kusa da iyaka aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani jami'i ya nuna kwalin da ƙafa.

"Hajiya, mene ne a nan?"

Na ce, "Littafi Mai Tsarki ne, ranka ya daɗe, da littattafan waƙa."

Nan take fuskarsa ta canza. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke Bahaushiya ce kuwa?" Na ce masa kakana da kakan kakana duk a ƙasar Katsina aka binne cibiyarsu. Tambayar nan ta bi ni tun ina firamare, amma har yau in an yi mini ita sai na ji ta a ƙirji. Bai ƙara cewa komai ba, ya kife kwalin, littattafan suka watse cikin rairayi, ya shiga tona su da takalmi kamar mai neman allura. Ɗan yayata ya yunƙura, na riƙe masa hannu.

Wani Alhaji mai fataucin wake da ke gidan gaba, wanda tun Katsina ko sannu ba mu yi da shi ba, shi ne ya tako ya durƙusa da babbar rigarsa. Ya rinƙa ɗaukar littattafan ɗaya bayan ɗaya, yana hure ƙurar, yana jera su. Sannan ya ɗago ya ce wa jami'in, "Yaro, ko ba naka ba ne, akwai sunan Allah a ciki. Ba a sa mishi takalmi." Jami'in ya kawar da kai ya ce mu wuce. Da muka koma mota na yi wa Alhaji godiya, ya ce ba komai, ya tambayi inda za mu. Da ya ji za mu leƙa asibitin kutare na Danja, kusa da Maraɗi, sai ya ce gwaggonsa a can aka yi mata maganin kuturta, tun yana yaro yake kai mata hura. Da muka isa tashar Maraɗi shi ya tsayar mana da abin hawa, ya biya, ya ɓace cikin mutane tun ban tambayi unguwarsa ba.

Maraɗi ba ta yi mini kama da baƙon gari ba. Ai Katsinawa ne. Sarakunan da jihadi ya kora daga Katsina nan suka kafa sarauta, har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkin garin. Tituna masu faɗi, bedi jere a gefe, kuma ba a cika matsa wa mutum da hon ba kamar namu direbobin. Hausar ce ke da ɗan gishirinta: makaranta lakwal, malamin makaranta mushe, asibiti kuma likita, har sai da na saba da jin an ce wance ta tahi likita.

Lissafin kuɗinsu na sefa ne ya ba mu wuya. A takarda an rubuta 500, a baki dala ɗari ce. 100 dala ashirin. 1,000 kuma jika. Duk dalar da aka faɗa sai ka ninka biyar kafin ka san me za ka miƙa. Da ka juya shi zuwa naira kuma sai jikinka ya yi sanyi. Lokacin da na aurar da 'yata ta fari, jika guda ba ta kai naira 400 ba. Yanzu ta haura naira dubu biyu. A da su ke tsallakowa Jibiya suna ganin kuɗinmu da kwarjini, yau mu ne muke juya takardarmu a hannu muna jin kunyarta. A babbar kasuwa na tsaya sayen cuku da dabino don jikoki. Mai dabinon ya ce jika biyu, na taya ɗaya, ya ce albarka, muka yi ta ja har muka tsaya a jika da rabi. Da ya ji daga Katsina nake sai ya ƙara mini gyara cike da tafin hannu biyu, ya ce, "Ki kai ma mutanen gida." A wajenmu gyara ta kusa zama labari, sai ka roƙa.

A gidan fasto muka sauka, ɗaki biyu da rumfar zana. Matarsa ta bar mana gadonta ta koma tabarma da yara, duk rantsuwar Iya ba ta sa ta fasa ba. Da magariba sai ga yarinya daga maƙwabta da ƙwaryar hura da kwanon dambun zogale, wai Hajiya ta ce a gai da baƙi. Kwana shida muka yi a gidan, kwana shida kwanon nan bai fasa zuwa ba. Matar faston ta ce da salla har cinyar rago ake aiko musu, su kuma da Kirsimeti sukan kai shinkafa gida-gida.

Ranar Lahadi na ƙirga mutanen da ke sujada, da yara da goyo ba su cika saba'in ba. A ƙasar Nijar masu bin Yesu ba su kai biyu cikin ɗari ba, ko da yake tun 1924 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka Damagaram. Amma da mata suka buga tulu suka kaɗa caki, waƙoƙin da muka tashi da su ne, kalma ɗaya ba ta bambanta ba. Wani dattijo ya nuna mini tsohon Littafi Mai Tsarki na mahaifinsa, fassarar 1932 wadda ɗan mishan Likita Mila na Zariya ya sha wahala a kanta, bangon duk an ɗinke shi da fata. Cikin addu'a suka ambaci 'yan'uwa na Damagaram da Yamai da aka ƙone wa majami'u a Janairun 2015, suka roƙa wa waɗanda suka cinna wutar gafara da albarka, da sunan garuruwansu. Na yi shekaru ina jin wa'azin yafiya, amma ban taɓa jin an roƙa wa mai ƙona majami'a damina mai kyau ba sai ranar.

Bayan sujada muka buɗe kwali. An yi guɗa, an yi godiya, sai dai na lura matan da yawa rungume littafin suka yi, ba su buɗe ba. Wasu ba su shiga lakwal ba, waɗanda suka shiga kuma da Faransanci aka koya musu karatu. Wata ta ce ɗanta zai rinƙa karanta mata da dare. Wata ta roƙe ni in rera mata waƙoƙi uku a wayarta ta ɗauka. Da mun yi tambaya tun daga gida, da rabin kuɗin mun sa a katin waya mai karatun Littafi da murya. Wannan shawara ce ga duk zumuntar da ke shirin irin tafiyar nan.

Ranar Talata muka tafi Danja, kudu da Maraɗi kaɗan, a kan hanyar da muka shigo. Asibitin kutare ne na mishan tun shekarun 1950, a 2012 kuma aka buɗe sashen mata masu yoyon fitsari. Kuturta yanzu tana warkewa da ƙwayoyi na wata 6 zuwa 12, kuma kyauta ake ba da su; yatsun da suka riga suka tafi ne ba sa dawowa. Matar da ta yi mana jagora ta ja mana kunne tun a ƙofa. Ta ce, "Mama, nan ba a sayar da magani da bishara. Wadda ta so ji, a faɗa mata. Wadda ba ta so ba, a gaishe ta da kyau."

Muka sami mata masu jiran aiki a inuwa, muka yi musu waƙa. Akwai wata yarinya da ta ware can jikin bango, ba za ta wuce shekara goma sha bakwai ba. Na je zan zauna kusa da ita, ta yi sauri ta tare ni da hannu.

"Inna, kar ki zamna. Tabarmar jiƙe take."

Na zauna. Mun daɗe ba wanda ya ce uffan. Can ta fara ba ni labari, idonta a ƙasa: kwana uku tana naƙuda a ƙauye, da aka kai ta likita a amalanke ɗan ya riga ya koma, tun ranar fitsari bai tsaya ba. Miji ya maida ta gidansu. A gidan ma an ware mata ɗaki da kwano. Shekara biyu ke nan ba ta yi salla ba, don a ganinta ba ta da tsarkin da za ta tsaya gaban Allah. Na san malamai sun ce mai irin wannan larura tana da rangwame, ba a raba ta da sallarta ba, amma ba wanda ya matso kusa da ita har ya gaya mata. Sai ta ɗago ta ce, "Inna, ku da ke addu'a, Allah na jin mai wari?"

Duk ayoyin da na haddace don tafiyar nan suka gudu daga kaina. Abin da ya zo mini shi ne labarin matar nan ta cikin Markus sura 5, wadda ta yi shekara goma sha biyu tana zubar jini, ta ƙarar da abin hannunta wajen masu magani, ta kutsa cikin taro ta bayan Yesu ta taɓa rigarsa a ɓoye. Na gaya mata yadda ya tsaya ya neme ta, tana rawar jiki don tsoro, shi kuwa a gaban kowa ya kira ta 'yarsa. Yarinyar ta yi shiru, sannan ta ce, "Bai wanke rigar ba?" Na ce ba a rubuta ya wanke ba. Ta rufe baki da mayafi ta yi dariya, hawaye na zuba. Na tambaye ta ko in yi mata addu'a, ta ce e, ta miƙo hannu da kanta. Ban ce ta maimaita komai a bayana ba.

A gida mun saba da gangami, lasifika har unguwa uku, a ƙarshe a ƙirga hannuwan da aka ɗaga a rubuta a rahoto. Ban ce babu amfani ba, ni kaina a irin taron nan na ba da gaskiya. Amma yarinyar nan ko an shekara ana gangami a ƙofar gidansu ba za ta fito ba, don ba ta shiga mutane. Da na tashi zanena ya jiƙe har ciki. Iya ta kwance na samanta ta ba ni, ba ta ce komai ba.

A Tsibirin Gobir wani tsohon manomi, dattijon ikilisiya, ya zagaya da mu gonarsa. Gawo ko'ina, kore shar a tsakiyar rani. Ya ce ko ɗaya bai dasa ba, sassaben zamani ne: kututturen da ake gani kamar matacce saiwarsa na da rai, sai ka bar masa tsiro biyu ko uku ka sassabe sauran. Wani ɗan mishan daga Ostareliya, Tony Rinaudo, shi ya yaɗa dabarar a ƙasar Maraɗi tun shekarun 1980. Tsohon ya ce maƙwabtansa da suka ƙi sauraron wa'azinsa shekara ashirin, a gindin itatuwan nan suka fara yi masa tambaya.

Sauran tafiyar gudu ce. A Madawa mun sayi kilishi da tabarmar kaba, kilishin ya yi tsada amma ya ci kuɗinsa. A Galmi kwana ɗaya muka yi, muka gai da marasa lafiya a asibitin mishan da ke aiki tun 1950, inda na ji Hausar Sakkwato da ta Zamfara a layin jira kamar a gida. Kwalin da ya tafi da littattafai ya dawo cike da jar albasa, kyautar wata mai bi da ta ƙi karɓar ko dala.

A shingen nan ba mu tarar da jami'in ba. Jiya da dare matar da ta yi mana jagora ta kira ni, ta ce an yi wa yarinyar aiki, ana jiran a cire mata roba a ga ko ya tsaya. Ta ce yarinyar ta tambaya ko Inna ta isa gida lahiya.